Takwarori a Gaban Tafinta: Tarihin Yadda Kwamfuta Ta Koyi Zaɓen Na Kusa

Wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin tafkin Madarumfa ya san yadda ciniki ke gudana idan masunta suka fito da kamun dare. Mace ta tsuguna gaban kwando ta ce, “Baba, nawa kifin nan?” Tsohon ba ya buɗe baki sai ya bi yatsarta da ido. In tarwada ta nuna, kuɗinta daban. In karfasa ce, nata daban. In kuwa tarkacen ƙanana ne, sai ya faɗi kuɗin kashi. Tambayar ba ta canza ba, abin da aka nuna ne ya zaɓi amsa. Kuma ko da yake tarwada kifi ce, babu masuncin da zai bayar da ita a kuɗin kifi gama-gari alhali tana da nata kuɗin.

Bahaushe ya saba da irin wannan a bakinsa. Kalmar “ci” ɗaya ce, amma cin tuwo daban, cin kasuwa daban, ga cin zaɓe, ga cin bashi, ga cin amana, kuma yaro ƙarami ba ya rikita su. Kwamfuta ba a haife ta da wannan baiwa ba. Tsakanin mai rubuta manhaja da injin da zai gudanar da ita akwai wata manhaja mai juya rubutun mutum zuwa lambobin da inji ke ganewa. Masana na ce mata kwamfaila, mu a nan za mu ce tafinta. Idan marubuci ya raɗa wa ayyuka biyu ko uku suna ɗaya, wato ya mai da su takwarori, tafinta ne zai yanke wanne aka kira. Idan kuma jinsunan kaya suna da rassa, kamar yadda tarwada take reshen kifi, sai takwarori da dama su amsa kira ɗaya, kowanne da hujjarsa. An yi kusan shekara 70 ana gwada hanyoyin raba wannan gardama.

Kafin inji: malamai da lafazi

Matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a 820, ya tsaya a littafinsa Arrisala a kan lafazi mai gamewa da lafazi keɓantacce, kuma mafi yawan malaman usulu da suka biyo baya sun tafi a kan cewa idan hukunci mai gamewa ya haɗu da keɓantacce a mas'ala ɗaya, ana aiki da keɓantaccen a inda ya shafa. Sun san kalma mai ma'anoni da yawa, suna ce mata mushtaraki, kamar “ainu” da kan nufi idon gani, ta nufi idon ruwa, ta nufi zinariya, sai abin da ke kewaye da ita ya fayyace. A rabon gado ma, almajirin zaure a Maraɗi ko Katsina ya haddace cewa shaƙiƙi yana kange ɗan uba, domin ya fi shi kusa da mamaci. Wannan kamanni ne na hankali, ba silsila ce da ta kai ga masu ƙera harsunan kwamfuta ba. Amma wanda ya riƙe ƙa'idar nan ta fifita na kusa a kan na nesa, ya riƙe zaren labarin.

1952 zuwa 1978: alama ɗaya, umarni biyu

Rubutaccen tarihin ya fara a Amurka. A 1952 Grace Hopper ta haɗa wata manhaja mai suna A-0, kuma ta hannunta kalmar kwamfaila ta bazu. Tafintan da ya fara karɓuwa sosai shi ne na harshen Fortran, wanda John Backus da tawagarsa a kamfanin IBM suka fara a 1954, suka miƙa wa masu injin IBM 704 a watan Afrilu 1957. A cikin wannan inji, tara cikakkun lambobi irin 3 da 4 umarninsa daban, tara lambobi masu ɗigo irin 3.5 da 4.25 umarninsa daban. Marubuci kuwa alamar tarawa ɗaya yake sawa. Tafinta ne ke duban harafin farko na sunan lambar: in ya faɗa tsakanin I da N cikakkiya ce, in ba haka ba mai ɗigo ce, sannan ya ɗauko umarnin da ya dace. Abin bai ta da ƙura ba, domin an hana cakuɗa jinsunan biyu a tarawa ɗaya.

Gatan ya tsaya ga alamomin lissafi. Ayyuka masu suna, kowanne sai da nasa. A Fortran na 1966, aikin cire alamar ragi daga lamba sunansa IABS ga cikakkiya, ABS ga mai ɗigo, DABS ga mai dogon ɗigo. Wanda ya canza jinsin lamba ɗaya a manhajarsa sai ya bi layi-layi yana canza sunaye, in ya tsallake guda lissafi ya lalace. Wannan wahala ce ta haifi ƙishin takwarori, kuma sai a Fortran 77, wanda aka amince da shi a 1978, aka yarda ABS shi kaɗai ya wadatar. Harshen PL/I na IBM, na tsakiyar shekarun 1960, ya riga ya ba marubuta damar tara ayyukansu ƙarƙashin suna ɗaya, sai dai ya haɗa da wata sakin fuska: yana juya kusan kowane jinsi zuwa wani ba tare da an roƙe shi ba. Nan aka fara ganin cewa idan takwarori suka haɗu da juyi na ɓoye, kira ɗaya kan dace da ayyuka barkatai.

1967: shekarar da koguna biyu suka ɓullo

A watan Agusta 1967, a wata makarantar bazara a Kopenhagen, masanin Ingila Christopher Strachey ya raba abin gida biyu. Akwai aiki ɗaya tak da ke hidimar kowane jinsi iri ɗaya, kamar mai ƙirga abin da ke cikin kwando, kifi ne ko albasa. Akwai kuma ayyuka mabambanta da suna kawai ya haɗa, waɗanda babu wata ƙa'ida guda da ke faɗin abin da kowanne zai yi. Na biyun su ne takwarorinmu. Darussan nasa sun yi ta yawo hannu da hannu, ba a buga su a mujalla ba sai a 2000.

Watanni uku kafin haka, a watan Mayu, a wani taro a Lysebu kusa da Oslo, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard na Cibiyar Lissafi ta Norwe suka gabatar da abin da ya zama Simula 67. Sun rubuta da kansu cewa tunanin ya nuna a lokacin da suke kwaikwayon layin motoci a wurin karɓar kuɗin gada: manyan motocin kaya da bas-bas sun yi tarayya a wasu siffofi, sun bambanta a wasu. Sai suka ce a rubuta siffofin tarayya sau ɗaya, kowane reshe ya gaje su ya ƙara nasa. Duk inda ake neman mota, bas ta isa. Ana ba da labari, kuma na baka ne, cewa wani sabon ma'aikaci ya taɓa rugawa wajen mai kula da tarho yana cewa ga maza biyu can suna faɗa gaban allo, ta kasa kunne ta ce ya kwantar da hankalinsa, Dahl da Nygaard ne ke tattauna Simula. Abin da ke rubuce shi ne an ba su lambar yabo ta Turing ta 2001, kuma dukansu sun rasu a 2002.

Simula ya zo da wani abu da zai dame komai daga baya. Idan reshe ya sake rubuta aikin da ya gada, kuma an yi wa aikin alamar virtual, ba tafinta ne zai zaɓa ba. Sai manhaja tana gudu za a duba ainihin abin da ke hannu. Daga nan hukunci ya zama iri biyu. Na takwarori ana yanke shi tun lokacin fassara, bisa abin da aka rubuta a jikin kwando. Na gado ana yanke shi lokacin gudu, bisa abin da aka tarar a cikin kwandon.

1968 zuwa 1983: rigakafi da tsantseni

Harshen Algol 68, wanda Adriaan van Wijngaarden na Amsterdam ya jagoranta, aka amince da shi a Munich a watan Disamba 1968, ya ba kowa damar ƙara wa alamomin lissafi sabuwar ma'ana. Maganinsa rigakafi ne. Ya taƙaita irin juyin da aka yarda a yi wa kayan da aka miƙa wa alama, ya kuma haramta ajiye takwarori biyu a fage ɗaya in har wani kaya zai iya dacewa da su duka. Gardamar ba ta ma samun wurin tashi. Harshen dai ya yi wa mutane nauyi, har wasu ƴan kwamitin, ciki da Edsger Dijkstra da Tony Hoare, suka sa hannu a takardar rashin amincewa. Amma tunanin takwarori ya tsira, ya shiga hannun na baya.

A tsakiyar shekarun 1970 ma'aikatar tsaron Amurka ta tarar ana amfani da harsuna fiye da 450 a ayyukanta, ta buɗe gasar ƙera guda ɗaya. A watan Mayu 1979 tawagar Bafaranshe Jean Ichbiah ta kamfanin CII Honeywell Bull ta ci gasar. Aka sa wa harshen suna Ada, aka fitar da ƙa'idarsa ranar 10 ga Disamba 1980, ranar haihuwar Ada Lovelace wadda harshen ya ci sunanta, aka sabunta ta a 1983. Ada ya buɗe ƙofar takwarori fiye da na gabansa: ko ayyuka biyu sun karɓi kaya iri ɗaya, in abin da suke mayarwa ya bambanta, an yarda su yi suna ɗaya. Saboda haka tafinta kan bi jimla sau biyu, ya bi daga ganye zuwa gindi yana tara duk ma'anar da za ta yiwu, ya dawo yana zubar da waɗanda ba su dace da mahallin ba, kamar dai malamin da ke warware “ainu” da abin da ke kewaye da ita. In ma'ana ɗaya ta rage, an gama. In biyu suka rage, sai ya mayar wa marubuci takardarsa. Ba ya auna wanne ya fi kusa. Kuma abin da Ada ke kira reshen jinsi iyaka ce kawai, kamar lambobin da ba su gaza sifili ba. Ba a ɗauke shi sabon jinsi ba, don haka ba ya raba takwarori.

1979 zuwa 1998: mahaɗar koguna

Bjarne Stroustrup, mutumin Aarhus a Danmak, ya yi aiki da Simula lokacin digirinsa na uku a Kambirij, ya so tsarinsa, ya ƙi nawarsa. A 1979, a ɗakunan bincike na Bell a New Jersey, ya fara dasa gadon Simula a cikin harshen C. A 1983 aka sa wa abin suna C++, aka ƙara masa ayyukan virtual da takwarori, ya fito kasuwa a watan Oktoba 1985. A nan kogin Strachey da na Oslo suka haɗu a harshen da dubban mutane za su yi sana'a da shi.

Ƙa'idar farko mai sauƙi ce: sai marubuci ya yi shela da kalmar overload, sannan tafinta ya bi takwarori bisa jerin da aka rubuta su, wanda ya fara dacewa ya ci. Aibin ya fito da manhajoji suka girma. Manhaja kan haɗa guntaye daga hannun mutane daban-daban, kuma sauya jerin guntaye biyu kawai kan sauya aikin da ake kira, ba tare da ko gargaɗi ba. Fitowa ta 2.0 a 1989 ta kawar da dogaro da jeri, ta kawo awo. Kowane kaya ana duba irin tafiyar da zai yi kafin ya dace da abin da aiki ke nema. Wanda ya dace daidai shi ne kan gaba. Bayansa ƙaramar ɗaukaka, kamar gajeriyar lamba ta zama cikakkiya. Bayanta juyin da harshe ya tanada, kuma a nan hawa daga reshe zuwa uwa yake. Sai juyin da marubuci ya ƙirƙira da kansa. Na ƙarshe shi ne aikin da ke karɓar ko mene ne. A cikin hawan ma akwai fifiko: in tarwada reshen kifi ce, kifi kuma reshen dabba, ga aiki na kifi ga na dabba, tarwada na kifi za ta je. Shaƙiƙi ya kange ɗan uba.

Da kaya ɗaya abin ya zauna. Da biyu ne ake jin jiki. A ce manhajar masunta tana da aikin farashi iri biyu: ɗaya na tarwada ga kowane mai saye, ɗaya na kowane kifi ga dillali, dillali kuwa reshen mai saye ne. Yau ga dillali ya zo sayen tarwada. Na farko ya fi kusa ta wajen kifi, na biyu ya fi kusa ta wajen mai saye. Ƙa'idar C++ ita ce, aiki ba ya cin gasa sai bai gaza abokin takararsa a ko ɗaya daga cikin kayan ba, kuma ya fi shi a aƙalla guda. A nan babu wanda ya cika sharaɗin, an yi kunnen doki, tafinta ya ƙi fassarawa. Fitowar 1989 ɗin ce kuma ta yarda reshe ya gaji iyaye biyu, wanda ya buɗe wata sabuwar ƙofar kunnen doki: kaya ɗaya, iyaye biyu, kusancinsu daidai. Waɗannan ƙa'idoji, da ƴan gyare-gyare, su suka shiga ma'aunin duniya na ISO a 1998. Wasu ramukan sun daɗe a buɗe. Sifili a C++ lamba ne, kuma shi ne alamar “ba komai a hannu”, don haka mai nufin na biyu yakan faɗa wa aikin lamba. Sai a 2011 aka ƙirƙiro kalmar nullptr ta raba su.

1985 zuwa 1995: gani ya kori ji

Yayin da C++ ke bazuwa, masu nazari suna ƙoƙarin sa wa abin iyaka. A 1985 Luca Cardelli da Peter Wegner suka faɗaɗa rabon Strachey zuwa huɗu, suka ware takwarori daban, juyi na ɓoye daban, shigar reshe a madadin uwa daban. A watan Oktoba 1987, a wani taro a Orlando, Barbara Liskov ta kafa sharaɗin da ake kira da sunanta har yau: ba a ce abu reshe ne sai in za a iya sa shi a gurbin uwar ba tare da halin manhaja ya ɓaci ba. Ita da Jeannette Wing suka tsaurara bayanin a 1994. Wannan sharaɗi yana da nauyi a kan masu rubuta takwarori. Tunda kira ɗaya na iya faɗawa aikin kifi yau, gobe ya faɗa na tarwada saboda ɗan canji a rubutu, ya kamata biyun su kasance manufa ɗaya suke yi wa hidima.

Mutanen harshen Lisp kuwa suka ɗauki wata hanya. Tafintan C++ da ji yake aiki: in an rubuta “kifi” a jikin kwando, kuɗin kifi zai yanke, ko da tarwada ce cike a ciki. Su suka ce a jira lokacin gudu, a buɗe kowane kwando a gani, na farko da na biyu da na uku, sannan a zaɓi aiki. Daga gwaje-gwajen Flavors na jami'ar MIT da CommonLoops na kamfanin Xerox aka haɗa tsarin CLOS a 1988, ya shiga ma'aunin Amurka a 1994. Kunnen doki kuwa CLOS bai yarda da shi ba: yana fara dubawa daga kayan hagu, wanda ya fi kusa a nan ya ci. A misalin dillali, aikin tarwada ne zai ci, don kawai an rubuta kifi kafin mai saye. Craig Chambers, da ya fitar da harshen Cecil a 1992, ya ƙi wannan son kai na hagu, ya ce a ɗauki kaya duka daidai, in an yi kunnen doki a faɗa. A shekarar ce kuma Giuseppe Castagna da Giorgio Ghelli da Giuseppe Longo suka nuna da hujjar lissafi abin da ke kashe gardamar daga tushe: duk inda takwarori biyu za su iya haɗuwa a kan kaya ɗaya, dole a rubuta na uku na mahaɗar. Wato a rubuta farashin tarwada ga dillali, kowa ya huta.

1995 zuwa 2014: Java da bashin baya

A 1991 James Gosling na kamfanin Sun ya fara wani harshe da ya kira Oak. Ana cewa wata bishiya ce da ke gaban tagar ofishinsa ta ba shi sunan. Ya fito da sunan Java a watan Mayu 1995, kuma a 1996 shi da Bill Joy da Guy Steele suka rubuta ƙa'idarsa. Sun zubar da yawancin matakan C++, suka bar gwaji ɗaya mai tsafta: aiki ya fi takwaransa keɓanta in duk kiran da zai iya karɓa takwaran ma zai iya karɓa. Duk tarwadar da aka kai wa aikin tarwada, aikin kifi zai karɓe ta. Ba duk kifi aikin tarwada zai karɓa ba. Saboda haka na tarwada ne keɓantacce. Malamin usulu da ya ji wannan ba zai nemi a maimaita masa ba.

Sai dai Java ya gaji hukunci biyun nan na 1967, kuma nan ne ɗalibai ke tuntuɓe. Abin da aka kira aikin a kansa, ainihinsa ake dubawa lokacin gudu. Kayan da aka miƙa masa kuwa, rubutun jikin kwando ake bi. Shahararren ramin shi ne aikin equals, mai gwada ko abu biyu ɗaya ne. Wanda aka gada yana karɓar kowane abu. Marubuci sai ya rubuta nasa mai karɓar tarwada kawai, yana zaton ya maye gurbin na gado, alhali takwara ya haifa masa. A gwajinsa na hannu komai daidai, amma da ya zuba kifayen a ma'ajiyar da harshen ya tanada, ita da tsohon take aiki, sai ta ce abin da ke ciki ba ya ciki.

A watan Satumba 2004 Java 5 ya kawo sauƙi biyu: lamba tsirara ta iya shiga kwali ta zama abu da kanta, kuma aiki ya iya karɓar kaya ko nawa ne. Amma akwai tarin manhajojin shekara tara da bai kamata ma'anarsu ta sauya ba. Sai aka mai da zaɓen zagaye uku. Na farko da tsohuwar doka, ba kwali. In ba a samu mai dacewa ba, na biyu da kwali. In har yanzu babu, na uku da masu karɓar kaya ko nawa. Tsofaffin manhajoji sun tsira, amma garin gyaran gira an taɓa ido. Jeri a Java yana da remove biyu, ɗaya na cire abin da ke gurbi kaza, ɗaya na cire abu kaza. Kafin 2004 babu hanyar da lamba za ta bi ta zama abu da kanta, don haka ba sa karo. Yanzu a ce jeri ya ƙunshi 1, 2, 3, marubuci ya ce a cire 1. Zagayen farko zai kama aikin gurbi, ƙirgan gurbi kuwa daga sifili yake farawa, sai 2 ta fita, 1 na zaune. Java 8, a watan Maris 2014, ya ƙara ayyuka marasa suna da ake miƙawa kamar kaya, ƙa'idar ta ƙara kauri.

Kalmar “kusa” kanta ba a daidaita a kanta ba. In uwa tana da aiki, reshe ma ya rubuta takwaransa, Java yana tara su wuri ɗaya ya auna da kaya. C++ yana barin sunan da ke cikin reshe ya rufe na uwa gaba ɗaya, sai an kira su da gangan. C#, wanda Anders Hejlsberg ya jagoranta a Microsoft ya fito a 2002, yana ɗaukar na reshe muddin zai iya karɓar kayan, ko da na uwa ya fi dacewa, don kada ƙarin da wani ya yi a uwa gobe ya sauya halin reshen da ke aiki yau. Rubutu iri ɗaya, hukunci uku.

2009 zuwa yau: hanya ta rabu uku

Bayan wannan doguwar tafiya, sababbin harsuna sun kasu. Go, wanda Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson suka fitar daga Google a watan Nuwamba 2009, ya rufe ƙofar: kowane aiki da sunansa, kamar zamanin IABS da DABS, amma wannan karon da gangan. Swift na Apple, a 2014, ya buɗe ta warwar, ya haɗa takwarori da barin tafinta ya gano jinsuna da kansa; sakamakon shi ne jimla mai alamomi da yawa kan sa hanyoyin da zai gwada su yi ta ninkuwa, har ya ɗaga hannu ya ce a gutsuttsura masa ita. Julia, wanda Jeff Bezanson da Stefan Karpinski da Viral Shah da Alan Edelman suka bayyana a watan Fabrairu 2012, ya kai fitowa ta 1.0 a Agusta 2018, ya gina komai a kan buɗe kowane kwando lokacin gudu, kuma in an yi kunnen doki yana tsayawa ya nuna wa marubuci aiki na uku da ya kamata ya rubuta.

Komawa bakin tafki

Wayoyin Android da ke aljihun matasan Madarumfa da Ɗan Isa cike suke da manhajojin da aka rubuta da Java ko ƙanensa Kotlin, kuma kowane kira a cikinsu ya ratsa irin wannan shari'a kafin ya iso hannu. A ce wata ɗaliba daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta dawo hutu, kawunta masunci ya ce, “Ƴata, ki yi mana abin lissafin nan a waya.” Ta rubuta farashin kifi, ta rubuta farashin tarwada, ta gwada kowanne ya yi daidai. Sannan ta zuba kamun rana duka a jeri ɗaya mai suna kifi, ta sa a bi su ɗaya bayan ɗaya. Da yamma kawu ya dubi jimla ya girgiza kai: an sayar masa da tarwada a kuɗin tarkace. Tafinta bai yi kuskure ba, dokar 1996 ya bi. Kifi aka ce masa, kifi ya yanke wa kuɗi.

Gyaran yana hannunta, kuma tarihin nan ya riga ya jera mata zaɓi. Tana iya bin Oslo, ta sa farashin a jikin kowane kifi don a tambaye shi lokacin gudu. Tana iya bin Go, ta ba kowane aiki sunansa. Ko wanne ta ɗauka, tambaya biyu za ta riƙa yi wa duk harshen da ta koya daga yau: yaushe yake yanke hukunci, kuma me yake yi in an yi kunnen doki? Kawu dai nasa hukuncin bai sauya ba. Gobe da asuba zai sake ɗaga murfin kwando ya duba kafin ya faɗi kuɗi.